Tun Ran Gini Ran Zane: Hoton Da Ake Ɗauka Kafin Gashin Sankara

A watan Yulin 2025, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin kula da masu ciwon sankara guda uku, ɗaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, sauran biyun a Inugu da Binin, ina cikin waɗanda suka yi murna har zuci. Duk wanda ya taɓa rakiyar majinyaci neman gashin sankara a ƙasar nan ya san darajar ƙarin cibiya ko da guda ɗaya ce. Tun daga lokacin, duk zaman da muka yi da abokaina likitoci da injiniyoyi, hira ba ta rasa komawa kan na'urori: wacce aka sayo, wacce ya kamata a sayo, wacce ake yayi a ƙasashen da suka ci gaba. A irin wannan zama ne wani abokina ya ce, in dai za a kashe kuɗin al'umma, to a sayo mana ta ƙarshe, wato sabuwar na'urar hoton CT mai tantance ƙarfin haske, wadda masana ke kira sifektiral, domin tana ba da hoto mafi daidaito da ɗan ƙaramin awon haske.

Ni ba likita ba ne. Fannina ilimin kimiyyar harshe ne, kuma a aji na yi yawancin rayuwata. Sai dai na yi watanni a kan bencin asibiti tare da ƙanin mahaifina, manomi daga Ɗandume, kuma abin da na gani a can ya tilasta mini karatun da ban taɓa zaton zan yi ba. Ra'ayin da na fito da shi shi ne: wannan na'ura tana da kyau, kuma abin da ake faɗa a kanta gaskiya ne, amma kuskuren da ya fi cutar da majinyacinmu yana aukuwa ne a wajen na'urar. Yana aukuwa tsakanin ranar ɗaukar hoto da ranar fara gashi, yana kuma aukuwa tsakanin bakin likita da kunnen majinyaci. Muddin ba a toshe waɗannan kafofi biyu ba, tsadar na'ura ba za ta fisshe mu ba.

Bari mu fara da abin da yawancinmu ba mu sani ba. Idan aka ce za a yi wa mutum gashi, ba a ɗaukarsa kai tsaye a kwantar a ƙarƙashin injin. Sai an fara tsara aikin tukuna, kuma tubalin wannan tsari shi ne wani hoton CT na musamman, wanda ya sha bamban da wanda aka ɗauka lokacin neman gano cutar. Ana kwantar da majinyaci a kan shimfiɗaɗɗen gado, daidai yadda zai riƙa kwanciya kullum a ɗakin gashi. Idan ƙarin a kai ko a wuya yake, sai a jiƙa wani takunkumin roba mai raga a ruwan ɗumi, a ɗora masa har ya sandare da siffar fuskarsa. Idan a ƙirji ko a mara ne, sai a yi masa alamomi a fata. Daga nan likita zai zauna gaban kwamfuta ya zana iyakar ƙarin a kan hoton, yanka bayan yanka, ya kuma zana gaɓoɓin da ake so a kare, irin su laka da idanu da ƙoda. Sannan masanin fiziks na asibiti ya lissafa ta inda hasken zai shiga, da ƙarfinsa, da tsawon lokacinsa.

Wannan lissafi kacokan a kan lambobi ya dogara. Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield, wanda na'urarsa ta ɗauki hoton majinyaci na farko a Landan a 1971, kuma ya samu kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack, ya bar mana ma'aunin da ake kira da sunansa: ruwa 0 ne, iska 1,000 ƙasa da sifili, ƙashi mai ƙarfi kuwa 1,000 ko fiye. Kowane ɗigo a cikin hoton yana da lambarsa. Kwamfutar tsara gashi tana juya wannan lamba zuwa kaurin naman wurin, wato yawan ilektiron da ke cikinsa, domin shi ne ke nuna yadda naman zai sha hasken. A taƙaice, aikin fassara ne: daga jiki zuwa lamba, daga lamba zuwa kauri, daga kauri zuwa awon haske. Tun a 1976 hukumar duniya mai kula da ma'aunan irin wannan haske, ICRU, ta ba da shawarar kada awon da ya isa ga ƙari ya kauce wa abin da likita ya rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. Idan ya gaza, ƙarin zai iya tsira. Idan ya wuce, lafiyayyen nama ne zai ƙone.

To, ina matsalar hoton da aka saba ɗauka? A nan fannina zai ɗan taimaka. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka idan na rubuta “fari”, mai karatu bai san ko launi nake nufi ba, ko rashin ruwan sama, ko farkon abu kamar a ɗan fari, ko kuwa jam'in fara mai cinye amfanin gona. Kalmomi huɗu ne a baki, ɗaya a takarda. Ita kanta kalmar “gashi” da muke magana a kanta, a rubuce ba ta da bambanci da gashin kai. Haka na'urar CT da aka saba take. Tana haska jiki da zubin haske guda, ta ba da lamba guda, alhali abubuwa biyu mabambanta za su iya fitowa da lamba iri ɗaya. Alal misali, ruwan rini mai aidin da ake ɗura wa majinyaci a jijiya domin ƙari ya fito sarai yana iya yin kama da ƙashi mai kalsiyam. Na'urar sifektiral kuwa tana auna jiki da ƙarfin haske iri biyu ko fiye, kuma da yake aidin da kalsiyam da tsoka kowanne yana da yadda yake shan haske mai rauni da mai ƙarfi, sai su rabu. Tamkar an ɗora wa rubutu alamomin karin sauti ne.

Tunanin ba sabo ba ne. Shi kansa Hounsfield ya yi ishara da shi a 1973, kuma Alvarez da Macovski na Jami'ar Stanford a Amurka sun shimfiɗa lissafinsa a 1976. Sai a tsakiyar shekarun 2000 na'urori masu ƙarfi biyu suka shiga asibitoci sosai, sannan a 2021 hukumomin Amurka suka amince da na'ura ta farko mai ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya tana auna ƙarfin kowacce. Amfaninta ga mai tsara gashi a bayyane yake. Tana iya fito da iyakar ƙari fes ta hanyar ƙara wa aidin haske. Tana rage zane-zanen da ƙarfe ke bari a hoto, kamar na haƙorin ƙarfe ko na ƙugun da aka dasa. Tana iya share rinin daga hoton ta hanyar lissafi, yadda hoto ɗaya zai wadatar a inda da sai an ɗauki biyu. Har ila yau tana ba da damar rage yawan rinin ga mai raunin ƙoda.

Sai dai mai karatu ya lura da wani abu. Tun kafin a fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 Hausawa ke karanta boko ba tare da alamar karin sauti ba, kuma ba a cika ruɗewa ba, domin muhallin kalma yana warware ma'anarta. Haka nan tsohuwar na'urar CT tana da hanyar warware nata ruɗanin. Masanin fiziks yakan ɗauki hoton wani dunƙulen roba mai ramuka, wanda aka cusa wa sanduna da aka san kaurin kowacce, ya gina jadawalin fassara na wannan na'ura ita kaɗai. Muddin jadawalin daidai yake, kuma ana sake gwada shi a kai a kai, to ga irin gashin da ake yi a Nijeriya, wato na injin linak ko na kobal, kuskuren da ke saura a lissafin awo ƙanƙane ne, yana cikin iyakar da ICRU ta shata. Inda bambancin ya yi tsanani shi ne gashin furoton, domin furoton yana ratsa jiki ne ya tsaya cak a wani zurfi, kuma ɗan kuskure a lamba zai sa ya tsaya kafin ƙari ko ya zarce shi. An daɗe ana barin ratar kashi 3.5 cikin 100 na zurfin saboda wannan shakka. A birnin Dresden na Jamus, bayan sun fara lissafi kai tsaye da hoton mai ƙarfi biyu a 2019, sun rage ratar zuwa kimanin kashi 2. Babu shakka nasara ce. To amma babu cibiyar gashin furoton ko ɗaya a Nijeriya.

Saura batun ƙaramin awo. Kowa yana so a rage hasken da ke ratsa jikin ɗan Adam, amma ragewar tana da farashi. Idan aka rage awon hoto zuwa rubu'i, yayyafin da ke cikinsa, irin na talabijin da eriyarsa ta kauce, zai ninka sau biyu, kuma rarrabe abubuwa da na'urar sifektiral ke yi yana iya ƙara fito da wannan yayyafi. Sababbin hanyoyin lissafi suna goge shi, amma wanda ya cika gogewa yana iya shafe iyakar ƙarin da likita ke nema. A kuma duba girman abin da ake magana a kai. Mai sankarar maƙogwaro yakan karɓi awo 70 a ma'aunin Gray, biyu-biyu kullum har mako bakwai. Hoton tsari guda ɗaya bai cika wuce 0.05 na Gray ba, wato gashin ya ninka shi fiye da sau 1,000. Ga dattijon da za a yi wa gashi, hoto mai dishi-dishi ya fi hoto mai ɗan yawan awo haɗari nesa ba kusa ba. Inda ragewar ke da muhimmanci shi ne ga yara, waɗanda ke da shekaru masu yawa a gaba, da kuma waɗanda za a riƙa ɗauka a kai a kai. Ƙa'idar ita ce a rage awo har iyakar da hoton zai yi aikinsa, kada a gota nan.

Yanzu bari in koma Ɗandume. Wanda ya san wannan yanki na kudancin Jihar Katsina, daga Ɗandume zuwa Funtuwa da Bakori har Malumfashi, ya san cewa rayuwa a nan da kalandar gona take tafiya. Masara da dawa da shinkafa da waken soya da auduga su ne albashin mutane, kuma sau ɗaya ake biyan wannan albashi a shekara. Baffana manomin masara ne. A daminar 2021 muryarsa ta dushe, wani kumburi ya fito masa a wuya, bayan gwaje-gwaje aka ce sankara ce kuma sai an yi gashi. Muka samu wuri a wani babban asibiti mai nisan yini guda a mota, wanda ba zan ambaci sunansa ba. A farkon Satumba aka yi masa takunkumi, aka ɗauki hoton tsari, aka ce mu koma gida za a kira mu idan an gama lissafi. Lambar wayar da ke cikin fayil ta babban ɗansa ce, mazaunin Ɗandume. Ni da nake da digiri uku, ina tsaye a wurin, ban yi tunanin ba da tawa ba.

Bayan 'yan kwanaki aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, Ɗandume da Funtuwa da Sabuwa da Faskari na ciki. Sai mutum ya yi tafiya ya fita daga yankin kafin ya samu layi. Ni na koma bakin aiki, na ɗauka shirun da nake ji na jiran layi ne. Baffa kuwa abin nema ya samu, domin masara ta nuna, ga karya ga ɓara. Sai da aka yi mako shida na je asibitin da kaina, aka shaida mini an nemi lambar ba a samu ba, an ba wani gurbin. Na tafi Ɗandume a gigice na tarar da shi a bakin rumbu, ya rame har riga tana yi masa yawa, domin haɗiya ta fara gagararsa. Na ce masa, “Baffa, ku shirya gobe da asuba za mu koma, mun makara.” Ya dube ni ya ce, da sunan da yake kirana tun da na fara koyarwa, “Malam, ai sun riga sun ɗauki hoton, yana wurinsu. Hoto yana ruɓewa ne?”

Ban samu amsar da zan ba shi a lokacin ba, sai a ɗakin gashi aka ba mu ita. Da aka ɗora masa takunkumin, yatsa yana shiga tsakanin robar da kumatunsa, ta wajen kumburin kuwa ta ƙi zama. Likitan ya yi abin da ya dace: ya ce tsohon tsarin ya mutu, sai an sake takunkumi, an sake hoto, an sake lissafi. Muka sake biya, muka sake jiran mako biyu. Baffa ya sayar da masara a kaka, lokacin da ta fi kowane lokaci arha, masarar da ya saba ajiyewa sai bazara. Ya kammala gashinsa, ya samu sauƙi na wani lokaci, daga bisani Allah ya karɓi abinsa. Ba na cewa jinkiri ne ya kashe shi, domin kowane rai da ajalinsa. Abin da nake cewa shi ne, da a ce na'urar sifektiral mafi tsada a duniya ce ta ɗauki hoton farko, da duk da haka kwandon shara za shi. Tela ya auna mutum, mutumin ya rame kafin sallah, ina laifin tef?

Kada a ɗauka labarin gidanmu ne kawai. A 2007 wasu likitoci a ƙasar Denmak sun kwatanta hotuna biyu-biyu na majinyata 61 masu sankarar kai da wuya, waɗanda aka ɗauka da tazarar kimanin mako huɗu, suka tarar ƙarin ya girma a jikin kusan biyu bisa ukunsu. A 2020 kuma mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani nazari da ya tattara bincike masu yawa, wanda ya nuna cewa kowane jinkirin mako huɗu wajen fara gashin irin wannan sankara yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kimanin kashi 9 cikin 100. Mai karatu ya ajiye wannan kusa da kashi 1.5 da Dresden ta rage. Masana a Turai suna faɗa da milimita, kuma sun yi daidai, domin sun riga sun gama da makonni. Mu kuwa makonnin ne ke gabanmu. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu sankara kimanin 127,000 a Nijeriya, kusan 80,000 kuma sun rasu, kuma masana sun yi ittifaƙin cewa kimanin rabin masu sankara za su buƙaci gashi. Duk inda layi ya kai wannan tsawo, dole hotuna su tsufa a cikin kwamfuta.

Kafa ta biyu ita ce harshe, kuma a nan laifin ya biyo ta kanmu. Tambayar Baffa ba ta jahilci ba ce. A Hausa kalma ɗaya muke da ita, “hoto”, ga na fasfo da na ƙashi da na ciki da wannan na tsari, kuma duk hoton da ya sani abin ajiyewa ne. Babu wanda ya gaya masa da harshensa cewa wannan awo ne irin na tela, mai wa'adi. A ɗakin jira na ga wata baiwar Allah da ta dirje alamomin da aka yi mata a ƙirji da soso da sabulu, domin ta zaci datti ne, kuma tana shakkar ko za su hana ruwan wanka isa ga fata. Na ga dattijon da aka ce ya sha ruwa ya riƙe fitsari kafin a shiga da shi, ya ga abin ba tsari, ya zagaya ya rage, bai san cewa cikar mafitsara ce ke ture hanji daga hanyar hasken ba, kuma da cikakkiyar mafitsara aka ɗauki hotonsa. Ita kanta kalmar “gashi” tana kawo wa mutum hoton wuta da tsire, shi ya sa wasu ke guduwa tun kafin a fara. Kowane ɗayan waɗannan yana iya kautar da haske da santimita guda ko fiye, ko ya hana shi isa gaba ɗaya.

Wanda ke ganin batun harshe ƙaramin abu ne, ya karanta abin da ya faru a garin Efinal na Faransa. Tsakanin 2004 da 2005 majinyata 24 masu sankarar furostet sun karɓi awon da ya zarce ƙa'ida da kashi 20 cikin 100 ko fiye, wasu sun mutu, sauran sun nakasa. Binciken hukuma na 2007 ya ambaci rashin isasshen horo a kan sabuwar hanyar aiki, da kuma cewa manhajar da Ingilishi take, ma'aikatan kuwa ba su da littafin jagora da Faransanci. A wannan asibiti kuma aka gano wasu majinyata kimanin 400 da suka karɓi ƙarin awo tsakanin 2001 da 2006, saboda ba a lissafa hasken hotunan duba zama da ake ɗaukarsu kullum ba. Darasi biyu ke nan a wuri guda: awon hoto idan ya taru yana da nauyi, kuma sabuwar na'ura a hannun wanda bai fahimci harshenta ba makami ce. Idan haka ta faru a Faransa, me zai hana ta faru a inda likita ke tunani da Ingilishi, majinyaci da Hausa ko Fulfulde, tafinta kuwa ɗan rakiya ne da ya gama sakandare bara?

Na san abin da abokina zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce irin wannan magana ce ta sa kullum muke sayen abin da wasu suka yar, kuma na'urar da aka saya yau za ta yi shekara goma ko fiye tana aiki, saboda haka gara a sayi ta gobe. Na yarda cewa ɗan Ɗandume bai fi ɗan Dresden arhar rai ba. Na kuma yarda cewa ya kamata asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wanda ya daɗe yana gashin sankara kuma ya fi birnin Katsina kusa da mutanen Funtuwa da Ɗandume, su mallaki irin wannan na'ura domin horo da bincike da majinyatan da suka fi buƙatarta. Inda muka rabu shi ne jerin fifiko. Naira ɗaya ba ta sayen abu biyu. Idan zaɓin ya kasance tsakanin na'urar sifektiral ba tare da kwangilar gyara ba, da na'urar tsari ta yau da kullum tare da kayan gwaji da wutar lantarki tsayayya da ƙarin masana fiziks biyu, ni ta biyun zan ɗauka ba tare da waiwaye ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka ina kira ga waɗanda abin ya shafa da su duba waɗannan abubuwa. Na farko, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, NNRA, su tabbatar ba a sayi na'urar tsari ko injin gashi ba sai tare da kayan gwajinsa da horon ma'aikata da kwangilar gyara ta shekaru, kuma kowace cibiya ta riƙa shiga binciken awo na waje, irin wanda hukumar IAEA da Hukumar Lafiya ta Duniya ke gudanarwa ta gidan waya tun 1969.

Na biyu, Cibiyar Bincike da Maganin Sankara ta Ƙasa, NICRAT, wadda dokar 2017 ta kafa, ta wajabta wa kowace cibiya bayyana yawan kwanakin da majinyata ke yi tsakanin hoton tsari da gashin farko. A ranar buɗe cibiya ana gaya mana kuɗin na'ura, amma wannan adadi na kwanaki shi ne zai nuna mana ko tana aiki. Kada kuma a ɗauki hoton tsari sai an riga an ware wa majinyaci ranar farawa, a rubuta masa ita a takarda ya tafi da ita, a karɓi lambar waya fiye da ɗaya.

Na uku, Gwamnatin Jihar Katsina da attajiranmu na Funtuwa da Ɗandume da Malumfashi su gina masaukin majinyata kusa da cibiyoyin gashi, a matsayin waƙafi. Gashi aikin kwana biyar ne a mako har mako shida ko bakwai. Manomin da ba shi da wurin kwana a birni zai koma gida, wanda kuwa ya koma gida da damina ko da kaka, gona za ta riƙe shi.

Na huɗu namu ne, mu malaman harshe. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Umaru Musa 'Yar'aduwa su zauna da likitocin sankara su fitar da daidaitattun kalmomi da gajeren bayani na kowane mataki, da boko da ajami, a kuma naɗe shi a murya domin a tura ta waya ko a saka a ɗakin jira. A nemi malaman addini su fayyace hukuncin alamomin fata a wanka da alwala, a sanya amsarsu a cikin bayanin. Mun rubuta kundaye da yawa a kan karin sauti da tsawon wasali. Shafi guda da zai gaya wa manomi cewa wannan hoton awo ne mai wa'adi, kada ya yi nisa, kada ya bari ya rame, ba zai gagare mu ba, kuma ni na fara nawa.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Mai ginin tukwane ta san cewa idan yumɓu ya bushe, zane ya wuce. Ranar da aka kwantar da majinyaci aka ɗauki hoton tsari, ranar ce ake yanke shawarar inda haske zai faɗa har ƙarshen magani, kuma wannan shawara ba ta da amfani sai idan mutumin da ya dawo ɗakin gashi shi ne wanda aka auna. Duk lokacin da aka kira mu bikin buɗe sabuwar cibiya, mu yi murna, mu yaba, sannan mu tambayi shugaban asibitin: kwana nawa ne tsakanin hoto da gashi, masana fiziks nawa kuke da su, kuma wa ke yi wa majinyaci bayani da harshensa? Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.